Baffana ya damƙa min tashar tireloli, yara kuma sai guduwa suke yi

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 31, ina da mata da 'ya'ya biyu a cikin garin Kaduna. Baffana, ƙanin mahaifina, yana da wurin tsayawar manyan motoci a Mararraban Jos: famfunan gas da na fetur, gidan abinci, gidan wanka da bahaya, masallaci, da filin fakin. Shekara uku ke nan da ya damƙa min wurin. Da na zo mu 16 ne, yanzu mu 9. Duk yaron da na ɗauka, bayan wata biyu ko uku sai ya ce zai je gida gaida tsohuwa, daga nan sai wayarsa ta daina shiga. Yaron famfo awa 12 yake yi kullum ba ranar hutu, albashinsa dubu 35, kuma duk shot ɗin da aka samu, wato giɓin da ya fito a lissafin ciniki, a ciki ake cirewa. Akwai watan da wani ya tashi da dubu 12. Albashin ma sai wata ya yi kwana goma kafin ya fito. Mata biyu masu girki sun bari saboda abin da wasu direbobi ke musu da dare. Ni nake cike gurbin kowa, har wanke bahaya na yi. Sai in yi mako biyu ban kwana gida ba, mai ɗakina ta fara maganar zuwa gidansu. Na yi wa Baffa magana, ya ce yaran zamani ne ba sa son wahala, kuma ai aiki yana tafiya. Shi ya biya min makaranta bayan rasuwar mahaifina, shi ya yi min aure. In ajiye aikin ne, ko in ci gaba da haƙuri?

Wani mai karatu daga Mararraban Jos

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya saka wa Baffa da alherin riƙon da ya yi maka.

Baffa ya ce aiki yana tafiya, kuma gaskiya ya faɗa. Daga inda yake zaune, abin da ke iso masa shi ne cinikin da kake turawa, kuma cinikin bai ragu ba. Mutum bakwai sun tafi. In ma an ƙaddara kowannensu dubu 35 yake ɗauka, dubu 245 ke nan duk wata da suka daina fita daga aljihunsa, famfo bai tsaya ba, tukunya ba ta sauka daga murhu ba. Wane ɗan kasuwa ne zai kira wannan matsala? Akwai rami a wurin, amma ka kwanta ka toshe shi da jikinka, shi ya sa mai wurin yake takawa ya wuce bai san da shi ba. Muddin kana sayar da gas da magariba, ka karɓi kuɗin fakin da tsakar dare, ka wanke bahaya da asuba, to Baffa ba shi da dalilin ɗaukar ko mutum ɗaya. Haƙurin da kake tambaya ko ka ci gaba da shi, shi ne yake biyan albashin mutum bakwai, kuma iyalinka ake cira ana biya.

Maganar yaran zamani kuwa, ka leƙa filin fakin ɗinka da kyau. Yaron motar da ke kwana a ƙarƙashin tirela, ya ɗaure tamfol cikin ruwan sama, ya cire taya mai nauyin da ya fi nasa, ya yi sati a layin lodi a Apapa ko Obajana yana cin garau-garau, shi ma ɗan zamani ne, kuma wahalarsa ta ninka ta yaron famfo. Me ya sa shi ba ya gudu? Saboda ya san inda hanyar ta nufa. Yau shi ke wanke gilashi, gobe a ba shi ya gyara fakin, wata rana oga ya gaji ya miƙa masa sitiyari a hanyar da ba cunkoso, ƙarshe wani mai mota ya ba shi makulli. Yaron shago a Kantin Kwari ko kasuwar Sheikh Gumi shi ma yana jure shekaru saboda yana jiran sallama da jari. Naka yaron fa, in ya shekara biyar yana riƙe da bakin famfo, me zai zama? Yaron famfo mai shekara biyar. Ba mamaki in ka bincika ka tarar wasu daga cikin waɗanda suka tafi gaida tsohuwa suna bayan wata DAF a hanyar Legas, wasu suna jan Keke Napep, wasu sun buɗe teburin POS.

Ka yi lissafin da yaron yake yi a ransa. Dubu 35 a kwana 30, awa 12 kullum, bai kai naira 100 a awa ba. Albashin nan wataƙila yana da ɗan auki lokacin da aka yanka shi, amma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta haura 1,000, kuma kuɗin mota da kwanon masara suka bi ta. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma dubu 70 a Yulin 2024. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka Baffa bai karya ta ba, amma yaran sun ji adadin a rediyo, kuma sun san rabinsa suke karɓa.

Duk da haka, in ka tambaye ni abin da ya fi korar su, zan ce maka shot ne, ba ƙarancin albashin ba. Talaka yana iya tsara rayuwarsa a kan kuɗi kaɗan in ya san nawa ne kuma ya san ranar da za su zo. Abin da ba ya iya zama da shi shi ne ya yi wata cur yana aiki bai san ko dubu 35 zai gani ko 12 ba. Kuma ka duba girman abin da aka ɗora masa. Litar gas ta wuce naira 1,000, tirela ɗaya tana shan lita 200 a tsayuwa guda ba ta ji komai ba. Direba ya nuna wa yaro alat na bogi ƙarfe ɗayan dare, sabis yana rawa, motoci uku a baya suna danna hon, yaro ya ce Allah ya kiyaye hanya. Albashinsa na kusan wata shida ya tafi cikin minti goma. Wanda ya san haka na iya faɗa masa ko yaushe, ko dai ya gudu, ko ya fara matse wa kwastoma lita don ya tara abin cike giɓi. Cire shot ba tare da bincike ba yana mayar da yaron kirki ɓarawo, ya kuma kori wanda ya ƙi zama ɓarawon.

Shot kala-kala ne, kuma yawancinsa ba daga hannun yaro yake ba. Akwai wanda ke tsakanin mitar famfo da kuɗin da ke jaka, wannan ne kaɗai ya shafi mai riƙe da famfo. Akwai wanda ke tsakanin abin da takarda ta ce tanka ta kawo da abin da ya sauka a ƙasa, wannan tsakaninku ne da mai kawo mai. Akwai na mitar da ta goce, akwai na tankin ƙasa mai yoyo, akwai ɗan abin da zafin rana ke ci, musamman a fetur. Sai kuma babbansu wanda ba a son faɗa: bashin da Baffa da kansa yake bugo waya ya ce a ba direban Alhaji wane, ba a rubuta ko'ina ba, ƙarshen wata ya fito a matsayin giɓi. In ana haɗa waɗannan duka a zuba wa yara, zalunci ake yi ko da ba a yi niyya ba.

Gyaran wannan bai buƙatar izinin kowa, aikinka ne na manaja, kuma gobe za ka iya farawa. Duk lokacin da za a canji hannu, mai sauka da mai hawa su tsaya tare a gaban famfo, a karanta mita, a rubuta, a ƙirga kuɗi, su biyun su sa hannu. A zura sandar awo a tankin ƙasa kowace safiya, da kuma kafin tanka ta sauke da bayan ta sauke, kana tsaye. Bashi ya samu littafinsa daban, da sunan wanda ya ba da umarni da lokacin da ya bugo. Tiransifa kuma kada yaro ya sake karɓa da ganin allon wayar direba; sai kuɗi sun faɗo a wayar wurin ko na'urar POS ta fitar da takarda, sannan a saki mota, ko da mai motar zai yi ta zagi. In ka riƙe wannan wata guda, za ka ga shot ɗin da ya rage a wuyan yara ɗan kaɗan ne, kuma za ka san na wane ne.

Addini da doka duk sun yi magana a nan, kuma bakinsu ɗaya. Malaman fiƙihu sun ce ɗan ƙwadagon da ka ɗauka yana yi maka aiki amini ne a kan dukiyarka, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya yi ta'adi. Limamin masallacinku zai tabbatar maka. Hadisin a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe kuwa Baffa ya fi ka saninsa, kuma kwana goma bayan ƙarshen wata gumi ya daɗe da bushewa. Dokar Ƙwadago ta Najeriya a sashe na 5 ta hana cin tarar ma'aikaci daga albashinsa, ta ce ko asara ya jawo da gangan ko da sakaci, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago za a cire, kuma duk abin da za a cire a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Yaron da ya tashi da dubu 12 kusan kashi biyu cikin uku aka yanke masa. Sashe na 13 ya ba wanda ke aikin awa shida ko fiye hutun da bai gaza awa ɗaya ba a cikin yini, da cikakkiyar rana guda a kowane kwana bakwai. Sashe na 7 ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku. Na san a bakin titi ba mai bin wannan, kuma ba cewa nake ka je ka karanta wa Baffa sassan doka ba, don ranar za ka ji abin da ba ka taɓa ji ba. Na kawo ne don ka san abin da za ka roƙa wa yaran ba alfarma ba ce.

Batun awa 12 kuma, ka fi ni sanin cewa aikin tashar tirela ba a shimfiɗe yake ba. Tun da satar mutane ta sa direbobi da yawa suka rage tafiyar dare a hanyar Abuja da ta Birnin Gwari, motoci sukan taru ne daga la'asar sakaliya, wurin ya cika maƙil daga magariba zuwa sha ɗayan dare, sai kuma rububin asuba lokacin da kowa ke son ruwan wanka da shayi a tashi. Da hantsi zuwa azahar kuwa sai ƙuda. In ka raba mutane daidai tsakanin dare da rana, na rana suna gyangyaɗi a benci, na dare suna mutuwa. Ka tara ƙarfinka a inda aikin yake. Ka nemi mutum biyu ko uku daga Rigachikun ko Birnin Yero waɗanda za su zo awa biyar na magariba kawai a biya su a tashi, su koma su kwana a gidajensu. Magidanci mai iyali a kusa ya fi zama a kan saurayin da ya zo ci-rani, don shi ɗan ci-rani ko nawa kake ba shi, ruwan farko na sauka hankalinsa ya koma gona. Wannan ba gudu ba ne, kalanda ce. Ka sa ta a lissafi tun watan Afrilu, ka kuma yi sallama da shi da kyau don ya dawo maka bayan girbi.

Ka sa ido a kan abin da masu aikin dare ke sha don su hana ido rufuwa. Inda ake awa 12 ba hutu, tramol da 'yan uwansa ba sa nisa, kuma a irin wurinku ba wuyar samu suke ba. Mutanen Majiya a Jigawa cikin Oktoban 2024, da na mahaɗar Dikko a jihar Neja cikin Janairun 2025, sun ga abin da tanka ɗaya ke yi in ta kama. Kai tankoki nawa ke kwana a filinka, kusa da murhun mai shayi, a hannun yaron da bai yi barcin kirki ba tun shekaranjiya?

Matan da suka bari su ne suka fi tsaya min a rai, kuma a nan ina da ƙorafi a kanka. Ka rubuta "abin da wasu direbobi ke musu" ka wuce, kamar ruwan sama ne da ba mai iya hanawa. Yawancin matan da ke girki a irin wuraren nan zawarawa ne da marayu a gabansu, sun riga sun haɗiye maganar da unguwa ke yi a kan duk macen da ke aiki a tashar tirela, sun fito neman halal. In mutum ya riƙe hannun mai zuba masa miya, ko ya bi ta bayan kicin, kuma manaja ya kau da kai don kada a rasa kwastoma, to an gaya mata matsayinta a wurin. Ka tsayar da doka: mata su yi girki, su tashi kafin dare ya yi nisa, a san abin hawan da zai mayar da su, miƙa abinci na dare kuma maza su yi. Yarinya ƙarama mai talla kada ta shiga tsakanin motoci bayan magariba, ko 'yar waye. Direban da ya wuce gona da iri, ka kai maganarsa ga shugabannin yuniyan na wurin. Direbobin tanka suna da reshensu na PTD a ƙarƙashin NUPENG, wato ƙungiyar ma'aikatan mai ta ƙasa, kuma mutumin da ba ya jin maganarka yana jin ta wanda zai iya hana shi lodi. Mafi yawan direbobi dattawa ne masu 'ya'ya mata, za su goya maka baya. Ka je da kanka ka ba matan nan biyu haƙuri, ko ba za su dawo ba.

Sai zuwa wurin Baffa. Kada ka je masa da "na gaji", don mutumin da ya fara neman kuɗi tun yana yaro ba ya jin wannan kalmar daga bakin ɗan shekara 31. Ka je masa da littafi. Ka yi wata guda kana rubuta abin da rashin mutane ke ci: motocin da suka shigo suka ga layi suka fice, daren da tuwo ya ƙare ƙarfe tara, batirin da aka kwance ko gas ɗin da aka zuƙe saboda mai gadi ɗaya ne a fili duka, da direbobin da suka saba kwana wurinku yanzu suka koma maƙwabta. Direba ba famfo yake bi ba, don gas ko'ina akwai. Yana tsayawa inda zai yi barci bai ji tsoron a taɓa masa kaya ba, inda bahaya ke da ruwa, inda mai abinci ta san ba ya son yaji. Duk yaron da ya tafi, da irin wannan sanin yake tafiya, kuma direbobi suna ba juna labari tun daga Ogere har Potiskum.

Ka same shi a gida, ba a waya ba, ba kuma gaban yaransa ba. Ka fara da abin da ya yi maka, don gaskiya ne kuma yana son ya ji ka san da shi. Sannan ka ce, "Baffa, Allah ya ƙara girma, amanar da ka ba ni ce nake tsoron ta lalace a hannuna, ga abin da na gani." Kada ka nemi mutum bakwai a tashi ɗaya. Ka nemi uku, da tsayayyar ranar albashi wadda kai za ka riƙa cirewa daga ciniki kafin ka tura saura, da daina yankan shot sai wanda aka tabbatar. Ka roƙi a gwada wata uku a duba littafi. In da hali ka ƙara da abin da zai sa yaro ya ga gaba: wanda ya shekara biyu lafiya ya zama shugaban masu dare da ɗan ƙari, wanda ya fi haka a taimaka masa da jarin teburin shayi ko na faci a cikin filin.

Kai kuma naka matsayin ya fi na yaran rauni, gara ka sani. Dokar Ƙwadagon nan da ta kare su ta cire mai aikin shugabanci daga ma'anar ma'aikaci, ta kuma cire iyalan mai wurin, ga shi kai manaja ne kuma ɗa. Abin da zai kare ka shi ne abin da kuka yi yarjejeniya a kai, kuma ban ga ka ambaci ko nawa ake biyanka ba, abin da ya sa nake zargin "ɗauki abin da kake buƙata" ne. In haka ne, a zaman nan ka roƙi a yanka maka albashi sananne ko kaso a riba, a rubuta, don ranar da Baffa ba ya nan, 'ya'yansa littafi za su tambaye ka, ba za su tambayi dare nawa ka kwana a kan benci ba. Ka kuma gaya masa, ba da sigar neman izini ba, cewa daga wannan makon kana kwana gida dare biyu, ga wanda zai riƙe makulli. Mai ɗakinka tana da haƙƙin da alherin Baffa bai goge shi ba. Ka gaya mata abin da ka shirya da lokacin da ka ɗiba, don ta san akwai ranar da take jira.

In ya ƙi duka, kada ka yi zuciya ka watsar da makulli. Ka nemi wanda yake jin nauyinsa, gwaggonku ko wani amininsa, a sake zama. In nan ma bai sauya ba, ka ba shi wata uku ya nemi wanda zai karɓa, ka fara neman abin yi tun yanzu. Wanda ya riƙe gidan mai da gidan abinci da fili shekara uku ba zai rasa mai ɗaukarsa a hanyar Kaduna zuwa Kano ba. Ranar miƙawa a auna tanki, a karanta mita, a ƙirga kuɗi da basussuka gaban shaidu biyu daga cikin dangi, kowa ya sa hannu, kai ma ka riƙe kwafinka.